STEPHEN HALES, MUTUMIN DA YA AUNA ƘISHIRWAR ITACE

Babu wanda bai san itace yana shan ruwa ba. Ko yaro ƙanƙane in ya ga shuka ta yi yaushi ya san maganinta ban ruwa. Amma a tsai da mutum, ko da ya yi furfura cikin karatu, a ce masa ga rimi ya kai tsawon ƙafa 100, saiwarsa na ƙarƙashin ƙasa, ganyensa na can bisa inda sai tsuntsu ke zuwa, shin mene ne ke ɗaukar ruwa daga saiwa ya kai shi ga ganyen ƙoli? Wanda duk ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ya san ruwa ba ya hawa bisa sai da wahala. Itace kuwa ba shi da hannu, ba shi da igiya, ba shi kuma da zuciya mai bugawa irin tamu, amma kowace rana yana ɗaga ruwa tulu bisa tulu, ba a jin ko motsinsa. Wannan tambaya ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Mutumin da ya fara fuskantarta da ma'auni a hannu shi ne Stephen Hales, limamin cocin wani ƙauye a Ingila, kuma labarinsa ne za mu ba ku a nan, ya ku 'yan'uwa masu neman ilmi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Hales cikin watan Satumba 1677, a wani ƙauye wai shi Bekesbourne, cikin lardin Kent, kudu maso gabashin Ingila. Gidansu gidan masu hali ne, har kakansa yana riƙe da wata 'yar sarautar gado. Amma shi ne na shida cikin 'ya'yan ubansa maza, bisa al'adar manyan gidajen Ingila kuwa babban ɗa ne ke gaje ƙasa da sarauta, saboda haka tun da wuri aka fuskantar da shi ga karatu da aikin coci.

Cikin 1696 ya shiga babbar makarantar Kambirij, a kwalejin da a ke kira Corpus Christi. A cikin wannan shekara ce mashahurin masanin nan Isaac Newton ya bar Kambirij ya koma Landan, don ya kula da gidan buga kuɗin sarki. Ko da ya ke Newton ya tashi, koyarwarsa ta cika garin. Abin da ya nuna wa duniya shi ne, tafiyar taurari da faɗuwar dutse duk suna bin lissafi guda, kuma mai son sanin yadda halitta ke aiki sai ya ƙidaya, ya auna, ya gwada. Wannan ra'ayi ya shiga zuciyar Hales tun yana saurayi, bai kuwa rabu da shi ba har ya mutu.

A can ya yi abota da wani ɗalibin likitanci, William Stukeley, wanda Hales ya girme shi da shekara 10. Tare su kan fita bayan gari tsinkar tsire-tsire, su kan kuma feɗe kwaɗi da karnuka don su ga yadda cikinsu ya ke. Har akwai sa'ad da suka narka darma suka ɗura cikin huhun mataccen kare, da naman ya ruɓe ya zube sai ga siffar hanyoyin numfashi ta fito sarai, reshe bisa reshe kamar ƙaramin itace.

Cikin 1709 aka naɗa shi limamin cocin Teddington, wani ƙauye a bakin kogin Tems, yamma da Landan. Nan ya riƙe har fiye da shekara 50. Ya yi aure cikin 1720, matar, Mary Newce, ta rasu cikin 1721, ba su sami haihuwa ba, bai kuwa sake aure ba. Mutum ne mai tsanani wajen horon jama'arsa, mai kula da gyaran coci da ruwan shan ƙauye. Abin da ya rage masa na lokaci kuwa sai ya ƙare shi a lambu, tsakanin tukwane da bututan gilashi da sikeli.

ABIN DA MASANA KE ZATO KAFIN SA

Cikin 1628 wani likita Bature, William Harvey, ya bayyana cewa jini kewaya jiki ya ke yi, zuciya ta tura shi ya fita ta waɗansu jijiyoyi, ya komo mata ta waɗansu. Da wannan magana ta tabbata, sai mutane da yawa suka ce ai itace ma haka ne, ruwan jikinsa hawa ya ke yi ta wata hanya, ya sauko ta wata, ya yi ta kewayawa. Daga baya Marcello Malpighi na Italiya da Nehemiah Grew na Ingila suka duba naman itace da madubin ƙara girma, suka ga lalle akwai ƙananan bututai a jere a ciki. Amma ganin hanya daban, sanin abin da ke tafiya cikinta daban. Ba wanda ya san ƙarfin da ke tafiyar da ruwan.

Shi Hales da jini ya fara. Ya sa aka ɗaure wata goɗiya a kwance, ya buɗe babbar jijiyar cinyarta, ya cusa bututun tagulla, ya haɗa shi da wani na gilashi mai tsawon ƙafa 9 a tsaye. Da ya saki jijiyar, jini ya hau har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗagawa yana sauka kaɗan da kowane bugun zuciya. Shi ne mutum na fari da ya auna ƙarfin bugun jini, watau abin nan da likitoci ke aunawa da ɗamara a damtse. Aikin akwai rashin tausayi a cikinsa, gama a zamanin nan babu maganin sa barci. Maƙwabcinsa kuma abokinsa, mawaƙin nan Alexander Pope, bai taɓa yarda da wannan gefe na aikinsa ba, shi kansa Hales ɗin ma ƙyamar feɗe-feɗen ta sa ya ajiye aikin shekaru da dama. Ya so ƙwarai ya yi wa itace irin wannan awo, amma bai ga ta inda zai ɓullo wa abin ba.

KURANGAR INABI

Wajen 1720 hanya ta buɗe masa inda bai zata ba. A ƙasarsu, da sanyi ya fara wucewa, kafin inabi ya fid da ganye, in an yanke kurangarsa sai ta yi ta zubar da ruwa kamar mai jin rauni. Ran nan aka yanke wata tsohuwar kuranga a lambunsa, ya ji tsoron kada zubar ruwan ta kashe ta, ya gwada dabaru iri iri bai iya tsai da shi ba, sai ya ɗauko mafitsarar dabba ya ɗaure bakin yankan da ita tam. Da ya komo sai ya tarar ruwan ya kumbura mafitsarar ƙwarai. Wani da sai ya ce madalla, ya wuce. Shi kuwa nan take ya tuna da goɗiyarsa, ya ce a ransa abin da ya iya kumbura mafitsara ai ya iya hawa bututu.

Ya liƙa bututun gilashi a kan kututturen inabi, yana ƙara wani bisa wani, ruwan ya yi ta hawa dare da rana har ya kai ƙafa 21. Da ya ga tsawon bututu zai gagare shi, sai ya koma ga zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13, ya zuba ta cikin lanƙwasasshen bututu don ruwan itacen ya riƙa tura ta. A wata kuranga zaibar ta hau inci 38, daidai da a ce ruwa ya hau ƙafa 43 ke nan. Bisa lissafinsa wannan ƙarfi ya yi kusan biyar ɗin ƙarfin jini a jijiyar doki. Ashe saiwa, wadda a ke gani kamar igiya a kwance, tana tura ruwa bisa da ƙarfin gaske.

Amma bai yi gaggawar cewa ya gama gano asirin ba. Ya lura wannan turi na ɗan lokaci ne, da ganye ya fito ya yi yawa sai ya daina, har ma kututturen ya koma tsotse ruwan da ke cikin bututu. Alhali kuwa lokacin da ganye ya cika, a tsakiyar zafi, shi ne lokacin da itace ya fi shan ruwa. To, in saiwa ta daina turi, wa ke ɗaga ruwan?

FUREN RANA A BISA SIKELI

Ran 3 ga watan Yuli 1724 ya ɗauki wani tsiro mai faffaɗan ganye da babban fure rawaya, wanda Turawa ke kira furen rana, tsawonsa ƙafa 3 da rabi, yana cikin tukunya. Ya rufe bakin tukunyar da fallen darma ya liƙe, don kada ruwa ya tsere ta ƙasar, ya bar ɗan bututu na shan iska da wani na ban ruwa mai murfi. Sa'an nan ya riƙa aza tukunyar bisa sikeli safe da yamma, har kwana 15 dabam dabam tsakanin ranar nan da 8 ga Agusta. Duk abin da nauyin ya ragu, ruwa ne da ya fita.

Dubi irin kularsa. Ya san tukunyar ƙasa tana tsatsafo, kamar yadda randa ke yi. Don haka da ya gama sai ya yanke tsiron, ya liƙe bakin kututturen, ya sake auna tukunyar ita kaɗai, ya ga tana zubar da oza 2 cikin sa'a 12, ya ɗebe wannan daga lissafinsa. Abin da ya rage shi ne na tsiron. Ya samu cewa cikin sa'a 12 na yini tsiron kan fitar da wajen laba 1 da oza 4, ran da aka yi zafi da bushewa ƙwarai har laba 1 da oza 14. Da dare in babu raɓa wajen oza 3 kaɗai, in raɓa ta sauka kuwa babu ko kaɗan. Tsiron nan duka nauyinsa laba 3 ne, ga shi a yini guda yana sallamar ruwan da ya kusa rabin nauyinsa.

Bai tsaya nan ba. Ya tsinke ganyen duka, ya kasa su kashi 5 bisa ga girmansu, ya aza musu raga ta zare mai idanu rubu'in inci, ya ƙidaya idanun, ya samu faɗin abin da ke bisa ƙasa inci murabba'i 5,616. Ya tone saiwar irin wannan tsiro, ya lissafa tsawonta duka in an jera ƙafa 1,448, faɗin fatarta kuwa inci murabba'i 2,286. Da ya ke ƙofar shiga ba ta kai rabin ƙofar fita ba, ya gane dole ruwa ya fi sauri wajen shiga saiwa bisa ga fitarsa ta ganye. Ya kuma gwama da abin da mutum ke ci da sha, ya ce in an daidaita girman jiki, abin da ke ratsa furen rana a yini ya yi 17 ɗin na mutum. Ya yi irin wannan awo ga kabeji da inabi da tuffa da lemo, ya ga itatuwan da ba su kaɗe ganye, irin su lemo, sun fi sauran tsimin ruwa.

GANYE NE KE JA

Saura ya nuna cewa fitar ruwa ta ganye ita ce ke jawo wani daga ƙasa. Ya sari rassa biyu biyu masu girma ɗaya, ya tsige ganyen guda, ya bar na guda, ya tsoma gindinsu cikin ruwa aunanne. Masu ganye suka sha daga oza 15 har zuwa 30 cikin sa'a 12, waɗanda aka tsige kuwa wajen oza 1 tak. Ya cusa rassa masu ganye cikin kwalabe ya liƙe, ya tara abin da ke fita daga gare su, ya ga ruwa ne garau.

Cikin Agusta 1723, shekarar da aka yi fari a Ingila, ya haƙa rami a gindin wani itacen marmari ɗan'uwan tuffa, ya yanke wata saiwa, ya liƙa wa gefen da ke haɗe da itacen bututu cike da ruwa, ya tsoma ƙarshen bututun cikin zaiba. Cikin minti 6 itacen ya tsotse ruwan da ƙarfi har zaiba ta biyo shi inci 8. Ya maimaita da rassa iri iri, kullum amsa ɗaya ce: in rana ta take, ga ganye da yawa, zaiba ta hau da sauri, in yamma ta yi ko hadari ya rufe, sai ja ya yi sanyi.

Game da zancen kewayawa kuwa, ya juya reshe ya tsoma kansa cikin ruwa gindinsa na bisa, reshen ya sha ruwa sarai, abin da ke nuna bututan itace ba su da 'yan ƙyamaren nan masu hana komawa baya irin na jijiyar jini. Ya kuma haɗa rassan wani itace da na maƙwabtansa biyu, dama da hagu, har suka manne suka zama ɗaya, sa'an nan ya raba na tsakiyar da saiwarsa, ya ci gaba da rayuwa bisa ruwan da 'yan'uwansa ke ba shi. Daga nan ya yanke cewa ruwan itace ba ya kewayawa kamar jini. Shiga ya ke yi ta saiwa, ya hau, ya fita ta ganye ya bi iska, zafin rana kuwa shi ne mai tafiyar da aikin.

Akwai sauran gwaje-gwajensa masu ban sha'awa. Ya cika tukunyar ƙarfe da busasshen wake irin na ƙasarsu, ya zuba ruwa, ya rufe, ya aza nauyi, waken da ya kumbura ya ɗaga laba 184. Ya yi wa ɗanyen reshen inabi da ganyen ɓaure ɗige-ɗige da jan fenti a tazara ɗaya, bayan watanni ya auna yadda ɗigon suka nisanci juna, ya san inda girma ya fi yawa. Ya kuma ƙago dabarar tara iskar da ke fita daga abin da a ke ƙonawa, ta bi bututu ta taru cikin kwalbar da aka kife bisa ruwa, dabarar da masu binciken iska suka ci moriyarta bayansa. Har ya yi zaton tsiro na samun wani sashe na abincinsa daga iska ta hanyar ganye, kuma watakila haske na da hannu a ciki.

Duk wannan ya tara cikin littafi mai suna Vegetable Staticks, watau aune-aunen tsire-tsire, wanda ya fito cikin 1727. Newton ne ya sa hannu a kan iznin buga shi, domin shi ne shugaban Jam'iyyar Masana ta Sarki, wadda Hales ya shiga tun 1718, kuma cikin wannan shekara ta 1727 Newton ya rasu. Aikinsa na jini ya fito cikin 1733. Cikin 1735 Buffon ya juya littafin tsire-tsiren zuwa Faransanci.

ABIN DA NA BAYA SUKA ƘARA

Hales ya aza harsashi, amma ginin bai ƙare a hannunsa ba. Abu na fari, tsotso irin na famfo ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen ƙafa 33, gama nauyin iska ne ke tura shi, iyakar ƙarfinta ke nan. A yammacin Amurka kuwa akwai itatuwan da suka wuce ƙafa 350. Cikin 1891 wani Bajamushe, Eduard Strasburger, ya sare dogayen itatuwa ya tsoma gindinsu cikin guba, gubar ta kashe naman itacen amma ta ci gaba da hawa har ganye, ya tabbata babu wani famfo mai rai a cikin gangar. Cikin 1894 Henry Dixon da John Joly na birnin Dublin suka kawo bayanin da masana suka karɓa. Ruwa yana da halin riƙe junansa, yana kuma manne wa bangon siririn bututu. Saboda haka ruwan da ke cikin itace kamar zare ya ke, ɗaya tun daga saiwa har ganye. A jikin ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, galibi a bayansa, masu buɗewa da rufewa. Duk ɗigon da ya bushe ya fita ta nan sai ya ja na bayansa, na bayan ya ja na bayansa, har jan ya kai ga gashin saiwa cikin ƙasa. Ga igiyar gugar da mu ke nema, rana ce kuwa mai ja. Tare da ruwan nan ne gishirin ƙasa da ƙarfin taki ke hawa a narke. Bututan da ke wannan aiki matattun ƙwayoyi ne, su ne naman itace da mu ke sassaƙa, masana na kiransu zailam. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta ganye ya ke fita, wannan ne kuwa kuɗin da ya ke biya don ya bar ƙofofinsa a buɗe iska ta shiga.

Abu na biyu, da ya ke Hales ya yi gaskiya cewa babu kewayawa irin ta jini, bai ba hanyar saukowa hakkinta ba. Cikin 1779 Jan Ingenhousz ya nuna ganye kore yana gyara iska ne sai cikin haske, aka yi ta bin sawu har aka gane ganye shi ne madafar itace, a nan a ke haɗa ruwa da wani sashe na iska da ƙarfin hasken rana su zama sukari. Sukarin nan dole a kai shi ga saiwa da 'ya'ya da sabon toho. Hanyarsa dabam ce, tana can jikin ɓawo daga ciki, bututai ne masu rai waɗanda Theodor Hartig ya gano cikin 1837, sunansu fuloyam. Cikin 1930 Ernst Münch ya bayyana yadda tafiyar ta ke. Inda sukari ya taru ruwa kan shigo ya cika bututun ya matsa, inda a ke cin sukarin kuwa matsin ya ragu, sai ruwan zaƙin ya gangara daga wurin yalwa zuwa wurin bukata.

Wanda ya fahimci hanyoyin nan biyu zai ga dalilin abubuwa da yawa da manomi ke yi tun kaka da kakanni. Mai dashe ya kan jira yamma ko ranar lumshi, ya kuma rage ganye, don saiwar da ta ji rauni ba ta iya biyan abin da ganye ke zubarwa. Itacen da aka ɗaye wa ɓawo kewaye da gindi ba ya bushewa nan da nan, gama hanyar ruwa na nan a ciki, amma an yanke hanyar abinci, saiwa ta mutu da yunwa, daga baya itacen ya bi ta. Mai ɗibar sassaƙe don magani, in yana son ya sake samu baɗi, sai ya ɗiba gefe guda ya bar sauran.

SAURAN AYYUKANSA DA ƘARSHENSA

Da girma ya zo masa sai ya mai da hankali ga abin da zai amfani jama'a kai tsaye. A zamanin nan barasa mai arha ta yi wa talakawan Landan mugun kamu, cikin 1734 ya buga wata 'yar takarda ta gargaɗi ga mashaya, yana kuma cikin waɗanda suka matsa har aka yi dokar taƙaita sayar da ita cikin 1736. Cikin 1739 Jam'iyyar Masana ta ba shi lambarta mafi girma, wadda a ke kira lambar Copley.

Abin da ya fi shahara da shi a idon mutanen zamaninsa shi ne wani babban zugazugi na katako, mai fitar da gurɓatacciyar iska daga ɗaki ya shigo da sabuwa, wanda ya bayyana cikin littafi a 1743. Aka sa shi a jiragen ruwa da asibitoci da rumbunan hatsi. Cikin 1752 aka kafa shi a kurkukun Newgate na Landan, da fukafukai a bisa rufi waɗanda iska ke juyawa, aka kuwa ba da labari mace-macen fursuna sun ragu. Shi a zatonsa mugun wari ne ke kawo zazzaɓin kurkuku, sai cikin 1909 Charles Nicolle ya nuna ƙwarƙwata ce ke yaɗa shi. Wajibi ne kuma a faɗi cewa masu jiragen fataucin bayi daga gaɓar Afirka sun sa zugazugin nan a jiragensu, don su rage asarar mutanen da suka mai da haja. Dabara ta sassauta wa waɗanda ke cikin jirgi numfashi, amma ba ta kwance musu mari ba.

Cikin 1751 aka naɗa shi limamin gidan Gimbiya Augusta, uwar wanda ya zama Sarki George na Uku, cikin 1753 kuma masanan Faransa suka sa shi cikin jam'iyyarsu. Duk da haka bai bar ƙauyensa ba. Ya rasu a Teddington ran 4 ga Janairu 1761, yana da shekara 83, aka binne shi ƙarƙashin hasumiyar cocin da shi ya sa aka gina. Gimbiya Augusta ta sa aka kafa masa abin tunawa a babban cocin Westminster, aka kuma sa wa wani itacen Amurka mai fararen furanni suna Halesia don girmama shi.

To, jama'a, ku dubi kayan aikin mutumin nan: tukunya, da sikeli, da zare, da bututu, da haƙurin tashi kowace safiya a rubuta lamba. Masana da yawa da suka fi shi suna sun yi ta gardama a kan ruwan itace, shi kuwa ya aza tukunya bisa ma'auni. Gwajinsa na rassa biyu ba ya bukatar kome sai kwalba biyu masu girma ɗaya, da ɗanyen reshe biyu, da ɗan man gyaɗa da za a zuba bisa ruwan don kada ya bushe ta baki. A tsige ganyen guda, a bar na guda, a yi wa kwalaben alama, a ajiye su a rana tun da hantsi. Kafin la'asar yaran aji za su ga amsar da idonsu, abin da suka gani kuwa ba za su manta da shi ba, gama gani ya kori ji.